Rumbu Mai Ƙofa a Gindi

Ajuji, wannan magana taka ce, kai da 'ya'yanka. Na san ba ka son sunan, yanzu kai Muhammadu ne a wurin aiki, jikokina kuwa in suka ji na kira ka da shi sai su kwashe da dariya su tambaye ni ma'anarsa da Larabci. Ni dai da shi na raine ka, kuma bakina ya tsufa da canji. Abin da ya sa na zaunar da 'yarka Hindatu da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, shi ne maganar da ta kuɓuce maka ran da muka tashi daga unguwar Tandabawi a nan Makka muka koma unguwar Shisha. Muna cikin mota na waiwaya ina kallon dutsen da muka zauna a kansa, na ce a can babanka ya gina mini rumbu. Kai kuma ko juyowa ba ka yi ba, ka ce ai don ya san tafiya zai yi ne ya gina. Ban tanka maka ba. Gajiya ce ta hana ni, ba rashin amsa ba. Na san bakin da maganar nan ta fito, na san shekarun da ta yi tana yawo a unguwa kafin ta iso kunnenka: wai babanka da gangan ya miƙa kansa ga askarawa don a mai da shi gida kyauta, ya bar mace da tsohon ciki a kan dutse. Yanzu ƙafafuna sun ƙi, idona ya yi rauni, ba na so in tafi in bar ka da ita.

Kafin kai na haifi uku, ba wanda ya kai yaye. Mun fito daga ƙauyenmu na ƙasar Gumel ina amarya, muka yi shekaru a hanya, mu yi aiki mu ci, in guzuri ya ɗan taru mu ƙara gaba. Ta farko a ƙasar Chadi na haife ta, ko cibiya ba ta faɗi ba motar da za mu bi ta tashi, muka hau. Na biyu a gonar auduga a Sudan, inda itacen dafa tuwo ma sai an yi faɗa a kansa. Na uku a nan Makka, shekarar da muka iso, a wani ɗaki da muke kwana mu da alhazai kamar an zuba kifi a kwando. Duk cikinsu ba wanda na yi wa wankan jego. Ku da matanku ke haihuwa a asibiti su dawo gida washegari, sai an yi muku bayani. A wurinmu mace in ta haihu, safe da yamma ana tafasa mata ruwa, ta tsoma ganye tana fyaɗa wa jikinta, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon da aka sa wa wuta a ƙarƙashi ita da jaririnta, har ta yi arba'in. Itacen wannan wanka a wuyan miji yake. Tun ciki na ƙarami zai fara tara shi a bayan ɗaki, da tsibin itacen nan ma gari ke gane an samu ƙaruwa. Na ji likitocin yanzu suna da tasu magana a kan wankan, ban yi musu da su ba. Amma mu a lokacin abin da muka sani ke nan, kuma ni na binne uku.

Matan unguwa suna ce mini mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, Goggo Dije, tsohuwar da ɗakinta ke manne da namu. Ta riga mu zuwa Makka da daɗewa, ita ce ungozomar duk Hausawan dutsen nan, tana kuma suyar ƙosai a bakin hanya. Ran da ta lura da cikinka, ba ni ta yi wa magana ba. Ta jira babanka ya dawo daga aiki, ta tsaya a bakin ƙofa da matsamin ƙosai a hannu.

"Malam, yarinyar nan ba wabi gare ta ba. Sanyi ne ya shige ta, ba ta taɓa gasuwa ba. In kana son wannan ya zauna, ka nemo wuta. Halas, shi ke nan, na faɗa maka."

Babanka ya sunkuyar da kai ya ce to. Hindatu ta tambaye ni sunansa don ta rubuta, na ce ta bar wurin, kai ka cike. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sunansa ba, ba yanzu zan fara ba. A gida magini ne, ɗan magini, rumbunan da ya gina a ƙauyukanmu ba sa ƙirguwa. A Makka kuwa wa zai ba ka ginin laka? Sai ya zama ɗan dako a kasuwar gawayi, faham inji Larabawa. Mutanen ƙauye ke kawo shi daga kwaruruka a kan raƙuma da manyan motoci, su babanka su sauke, su kai wa masu gidajen abinci da masu shayi. Kullum ya dawo ba ka ganin komai a fuskarsa sai ido da haƙori, in ya yi kaki baƙi ƙirin. Ba mai yawan magana ba ne, in ya yi maka jimla uku a yini to ranar yana cikin raha. Ɗakinmu kuwa sandaka ce, wato ɗakin langa-langa da katakon akwati, can sama a jikin dutse. Da zafi tanda, da sanyi kuwa iska ta ko'ina take shigowa. Na san za ku yi dariya, wai sanyi a Makka. Ku kwana a cikin langa-langa a kan dutse da ɗanyen jego a watan sanyi, sannan ku zo mu yi dariyar tare.

Itace dai babu shi a garin nan, sai gawayi, shi kuma gawayi in ka tara shi a buhu a waje, ko a ɗebe maka, ko ruwan sama na kwatsam ya jiƙa shi, a ɗaki kuma babu wuri. Saboda haka ya ce rumbu zai gina. Ya fara da gangaro duwatsu ya jera su, ya ɗaga gindin sama don in ruwa ya gangaro daga dutse ya wuce ta ƙarƙashi. Ƙasar Makka yashi ce, ba ta kamawa, sai da ya yi ta bin kwari bayan gari har ya gano inda ambaliya ta kwantar da laka, ya riƙa ɗauko ta a buhu bayan ya tashi daga dako. Kashin jaki da busasshiyar ciyawa daga kasuwar dabbobi yake tsinto su. Ruwan kwaɓi ne ya fi ba mu wahala, don ruwa a garwa ake hawo da shi sama a sayar mana. Duk ruwan da na yi wanke-wanke ko wanki ba na zubarwa, a ramin kwaɓinsa nake juyewa. Ya tattake, ya rufe, ya bar ta ta ruɓa, sannan ya fara ɗora ta zagaye-zagaye, ba ya ɗora wani sai na ƙasa ya bushe. Da hannu yake shafa ginin kamar mai lallashin yaro. A watannin nan ne kaɗai na ga mutumin da na aura ya dawo, har wani ɗan gunguni yake yi a maƙoshi in yana aiki.

Wata rana da la'asar, ginin bai kai gwiwa ba, ina tsintar shinkafa a inuwa, ya ce in taso in zauna kusa da shi. Na zauna a kan wani dutse da ya ajiye a gefen ginin. Ya ce in miƙo masa hannu. Na ɗauka tsintar yake so ya gani, na miƙa masa faifan. Ya ce a'a, hannun dai. Na miƙa, ya duba inda yatsuna suka tsaya a jikin lakar, ya ja layi da tsinke, ya ce in tashi, shi ke nan. Ban kawo komai a raina ba, na koma kan shinkafata. Da ginin ya tashi sai na ga ya bar wata 'yar ƙofa a wurin, kamar faɗin faifai, can ƙasa.

To ku sani, rumbun Bahaushe bakinsa a sama yake. Da tsani ake hawa, kuma maigida ne ke hawa. Mace ba ta hawa rumbu, ba ta leƙa shi, abin da miji ya auno ya ba ta shi ta sani. Kakata takan ce in mace ta leƙa rumbun mijinta albarkar cikinsa ta tashi. Shi ya sa 'yar ƙofar nan ta zama abin kallo a unguwa. Akwai wani tela maƙwabcinmu, Mamman Dogo, wanda bakinsa ya fi allurarsa kaifi. Kullum ya wuce sai ya tsaya ya ce yau ga rumbu ba dawa a ƙasar da ba a noma, kuma an yi wa ɓera zaure don kada ya wahala. Maza su yi ta dariya. Ni ma kunya ta kama ni, na tambayi babanka ƙofar mece ce.

"Ta share gari ce," ya ce. "Gawayi yana zubar da gari."

Na yarda, don ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ya samo wani fallen dutse ya toshe ƙofar, ya shafe ta da laka. Saman kuma, da yake babu ciyawar jinka, murfin duro ya kifa ya danne da dutse. Daga nan ya shiga tari. Ya roƙi mai rumfar da yake yi wa dako ya riƙa ba shi wani ɓangare na ladansa da gawayi, ragowar kuma mu ci, wato muka rage ci ke nan. Ba ya zuba sabon gawayi a ranar da ya kawo shi. Sai ya baza shi a ƙasa ya kwana ya yini, yana bi yana taɓawa, wai wani lokaci wuta takan ɓuya a cikin babban gawayi ta yi tafiyar kwanaki a bayan raƙumi ba ta mutu ba, ƙwaya ɗaya irin wannan ta isa ta cinye rumbu. Ya ware manya na tafasa ruwa, ƙanana na kasko, ya hau tsani ya zuba wannan ya zuba wancan. Wata da watanni haka, ni cikina na tashi, rumbu na cika, shi kuma yana ramewa, tarinsa na ƙaruwa. Ran da ya cika, ya yaɓe bakin murfin, ya sauko ya jingine tsani, ya zauna a ƙasa. Ranar na ga ya ci abinci har ya nemi ƙari.

A watan Sha'aban aka kama shi. Dama duk shekara in aikin hajji ya fara matsowa akan bi kasuwanni ana neman marasa iƙama, wato takardar izinin zama, mu kuwa duk dutsen nan masu ita ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da hantsi wani abokin dakonsa ya hawo yana haki, ya miƙo mini gammonsa da igiyarsa, ya ce mota ta zo ta toshe bakin kasuwa, shi ta bayan buhuna ya tsira, babanka kuwa da kaya a kai aka same shi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na karɓi gammon na rataye a ƙusa, na ce ai akan sako wasu, kuma gaskiya ne, akan sako wasu. Goggo Dije ta aika aka bincika, aka ce an wuce da su Jidda. Na ce daga Jidda ma ana dawowa. Duk wanda ya hawo dutsen sai na ɗaga kai, har wuyana ya saba.

Ka zo duniya a cikin azumi, da safe, a hannun Goggo Dije, cikin wani sanyi da tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Tana gama yanke cibi ta ce a buɗe rumbu a ɗora ruwa. Na ce a'a, mai rumbu bai dawo ba. Ta zaci zafin haihuwa ne, ta ɗebo ɗan gawayin suyarta ta ɗumama mini ruwa. Washegari ma haka. Gawayin Goggo kuwa jarinta ne, ga azumi, lokacin da ƙosai ke tafiya, abin da take iya ragewa bai fi ya kashe sanyin ruwa ba, balle a yi maganar kasko a ƙarƙashin gado. Mamman Dogo ya aiko matarsa cewa in na yarda shi zai hau ya buɗe. Wannan ta fi ɓata mini rai. Wani namiji ya sa hannu a rumbun mijina yana raye, sai ka ce rabon gado ake yi? Na ce a gaya masa na gode.

Ba zan ce muku na yi wauta ba, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ba al'adar ce kaɗai ta riƙe ni ba. A raina gani nake muddin yaɓen nan na nan yadda ya bar shi, to yana hanya, gobe zai hawo ya ɗauki tsaninsa. In na fasa, na yarda ke nan ba zai dawo ba. Tsoro nake ji, Ajuji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba ko a hamada. Haka aka yi sunanka ba uba ba rago, wani malami ya zo ya raɗa maka Muhammadu, aka raba dabino. Goggo ta ɗauke ka ta ɗan ajiye ka a kan juji ta ɗauko, kamar yadda ake yi wa ɗan wabi don mutuwa ta raina shi ta wuce. Inda sunan da kake jin kunya ya fito ke nan.

Bayan suna ka fara ƙin nono. Ƙirjinka ya riƙa wani ƙurƙur, jikinka ya yi sanyi, kukanka ya koma kamar na ɗan mage. Na san wannan kukan, sau uku na ji shi. Ni kaina ƙafafuna sun kumbura, bayana ya riƙe, ko tsayuwar salla ba na iyawa. Na rungume ka na zauna ina kallon ƙofa, ban san me nake jira ba, ubanka ko mai ɗaukarka. Da azahar Goggo ta shigo ta dube ka, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta karɓe ka ta goya, ta kama ni ta tayar, ta fito da ni ina jan ƙafa har gindin rumbu. Ta ce in zauna. Ban ma zaɓi wuri ba, dutsen nan da na taɓa zama a kai yana nan inda yake, na zube a kansa. Ta ce in miƙa hannu. Na miƙa, yatsuna suka sauka daidai kan fallen dutsen da ya toshe 'yar ƙofar.

"Ya binti, 'yata," ta ce, "mijinki tsani gare shi. Wannan ƙofar wa aka auna?"

Nan take ranar tsintar shinkafa ta dawo mini, da layin da ya ja da tsinke. Goggo ta miƙo mini matsaminta na ƙosai, na ɗan ƙwanƙwasa gefen dutsen sau ɗaya, yaɓen ya zube. Mutumin da in ya yaɓe abu sai an sa gatari, nan wurin lakar da ya shafa ba ta fi kaurin ɓawon ƙwai ba. Na janye dutsen, gawayi ya gangaro da kansa har kan zanena, manya da ƙanana a haɗe. Daga baya na gane ashe daɓen cikin ma karkata shi ya yi zuwa ƙofar, don kada mai ɗiba ta sa hannu ta yi nisa. Ya san mai jego ba ta hawa tsani. Ya san kuma, kamar yadda kowane mara iƙama ya sani in zai fita da safe, ba lalle ne ya dawo da yamma ba. Bai faɗa mini ba saboda namiji a wurinmu ba ya zancen haihuwa da matarsa, kuma mutum ba ya kira wa kansa mugun abu da bakinsa. Sai ya faɗe shi da laka, ni kuma na ƙi ji. A nan na yi kukan da ban yi ba ran da aka kawo mini gammo, baƙin gawayi har fuskata. Goggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce yalla, tashi, ruwa ba ya tafasa da hawaye.

Kafin la'asar rabin duro na tafasa a bayan ɗaki. Ganyen magarya muka samu, da shi na yi. Aka sa kasko a ƙarƙashin gado, Goggo ta hana a toshe kafofin langa-langar, ta ce wutar gawayi in ba ta samu iska ba mutum take sha. Ta gasa tsumma tana ɗora maka a ƙirji. Matan da ke ce mini mai wabi su ne suka riƙa hawo mini da ruwa, kowa da garwarta, wata ta kawo kanwar da wani alhaji ya ba ta. Ba rana ɗaya ka warware ba, sannu a hankali ne, har wata safiya ka kama nono ka ja da ƙarfin da ya sa na ce wayyo. Ban taɓa jin zafin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Kullum safe da yamma in rarrafa in zauna a dutsena in janye ƙofa in ɗiba, har na yi arba'in. Da na gama, na leƙa ciki, akwai saura kaɗan. Na duba shi na gane na kwanakin da na ƙi buɗewa ne. Ciwon bayan da nake fama da shi har yau ma nasu ne.

Da labarin ƙofar ya bazu, Mamman Dogo ya samu abin ɗinkawa. Ya ce kun gani, ashe mutumin ya shirya, ya san ranar tafiyarsa, ya sallami matarsa da gawayi ya bi jirgin kyauta. Akwai masu yin haka a lokacin, shi ya sa maganar ta samu gindin zama. Ni kuwa ina da kai a baya, ina wankau, ina taya Goggo suya, ina sayar da hatsin tattabaru a bakin hanya, ba ni da sauran numfashin bin gida-gida ina wanke sunan mutum. Na tattara ragowar gawayin nan na ƙulle a tsumma na mai da shi cikin rumbu na toshe. Na ce in ya dawo zan nuna masa, ya ga awonsa bai yi kuskure ba.

Hajjin shekarar ya zo ya wuce. A na gaba, ka fara tafiya kana kama bango, wani dattijo Bahaushen Sudan ya hawo dutsen da hantsi yana tambayar gidan da ke da rumbu. Ba a sha wahalar nuna masa ba, duk Makka shi ke nan guda. Ya zauna a inuwarsa, ya daɗe yana kallon ginin, sannan ya ba ni labari. Ya ce jirgin ruwa ya sauke su babanka a Bur Sudan, a bakin teku. Sauran waɗanda aka kora suka nufi yamma, hanyar gida. Shi ya ƙi. Ya zauna a bakin ruwa yana dako, yana neman kwalekwalen da zai sake haye da shi gabas. A ɗakin dattijon yake kwana. Tarin nan ne ya ci ƙarfinsa, ya kwanta, kafin azumin da ya wuce Allah ya yi masa cikawa, su suka yi masa sutura. Ka ji wanda aka ce ya bi jirgin kyauta zuwa gida. Gida na bayansa, teku na gabansa, kuma tekun ya mutu yana kallo.

Na yi salati. Na tambaye shi ko ya bar wata magana. Ya ce bai bar komai ba sai tambaya guda, ya sa shi ya yi alkawari in Allah ya kawo shi Makka zai nemi matar ya yi mata ita.

"Ya ce in tambaye ki, gawayin ya kai ki arba'in?"

Bai tambayi ko na haihu lafiya ba, bai tambayi mace ce ko namiji ba, kunya ba za ta bar shi ba ko a bakin mutuwa. Duk tambayoyin nan a cikin wannan ɗaya ya ƙulle su. Na matsa kan dutsena, na janye ƙofar, na zaro ƙullin tsumman na kwance a gaban dattijon. Na hura wuta da shi na dafa masa shayi. Kai kuma ka tako ka kama gwiwarsa kana son kofin. Na ce wa dattijon gawayin ya kai, har da saura. Ya gyaɗa kai, ya sha shayinsa, ya shafa kanka, ya sauka. Sai da ya ɓace a cikin lungu na tuna babu wanda zai kai wa amsar.

Tun ranar amsar take hannuna. Rumbun ya yi shekaru yana tsaye, har tukunyar gas ta shigo aka daina tara gawayi, har wani ruwa ya zo ya narkar da gefensa kana makaranta, ban samu mai gyara ba. Na sha niyyar zaunar da kai in faɗa maka duka, sai aiki ya sha kaina, ko in fara in bari. Na ɗauka kuma ka sani, na manta yaro abin da ya ji a waje yake ɗauka in gida an yi shiru. Goggo Dije ta rasu, Mamman Dogo ya rasu, Allah ya jiƙan su duka, ni ma saura ƙiris. Babanka ya aiko da tambaya daga bakin teku, ni na rasa ɗan aike. To kai ne kake da sauran tafiya a gaba, kuma kai aka tara wa wutar. In ka ɗaga hannu za ka yi masa addu'a, ka kira sunansa da ni ban iya kira ba, ka gaya masa gawayin ya kai.